Mai Lallashin Firinta

A wurin aiki Mai Lallashi suke ce wa yayana, kuma ba don yabo ba. Kamfaninsu manhaja yake rubutawa, wadda ke ɗauko takarda daga kwamfuta ta bi da ita ta netwok zuwa firinta. Akwai ƙa'idar da masu ƙera firintoci suka sa wa hannu, cewa in manhaja ta yi tambaya, firinta ta faɗi gaskiya. Hannun kawai suka sa. Wata za ta rantse tana buga gaba da baya, ƙarya take yi. Wata ta ce ta gama, alhali takarda na maƙale a wuyanta.

Masu saye kuwa ba ruwansu da firinta, manhajar suke zagi. Shi ya sa aka ba Yaya ɗaki a bayan matattakala, ko taga babu, aka jibge masa firintoci har ƙasa. Kowace sai ya zauna ya koyi irin ƙaryarta, ya rubuta mata hanyarta daban: wannan a tambaye ta sau biyu, waccan kada a yarda ta gama sai ta yi shiru.

Inna ta taɓa tambayarsa, "Wai kai me kake yi a wurin nan ne?"

Ya ce, "Inna, marasa kunya nake rufa wa asiri."

Matarsa ta ce ai a can haƙurin yake ƙarewa, gida sai ɗan ragowa. Gaskiyarta.

Firintar da ta fi shayar da shi wuya ita ce ta ofishin manaja, mai cinye layin ƙarshe na kowane shafi. A kanta ya fara furfura, kafin ya gano yadda manhaja za ta ɗan ɗaga rubutun sama ba tare da ido ya lura ba.

A hankali ƙorafi ya mutu. Sai aka kawo sabon manaja, ya duba ya ga babu mai kuka, ya yanke hukuncin firintocin zamani duk sun shiryu, aikin Yaya ba shi da sauran amfani. Da Yaya ya fara bayani sai ya katse shi: "Malam, nuna mini guda ɗaya da ba ta aiki."

Babu. Ai Yaya bai bar ko ɗaya ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Ranar da aka sallame shi, da rana tsaka ya shigo gida ya zauna a falo. Ni ina ta zazzaga masifa, har masu ƙera firintocin ban ƙyale ba. Shi kuwa ƙasan takardar sallamar ya ƙura wa ido. Can ya miƙo mini ita.

"Auta, kin gani? Daga ta ofishin manaja ta fito. Da a da ne, da ta cinye layin ƙarshe."

Na duba. Layin ya fito tas, kuma shi ne mai ɗauke da ranar da zai miƙa makulli.