Tauraron Gwangwani

Wata Asabar ta bazarar 1969, a bayan gininmu da ke unguwar Highbridge a ƙasar Turawa, Danny, wani yaro Bature abokin wasanmu, ya maƙala mini tauraron gwangwani a ƙirji, na ji ƙasa ta yi mini kaɗan. Shi ne sherif a wasanmu, wato shugaban 'yan doka, tunda shi ke da hular kaboyi da bindigar roba. Na daɗe ina roƙon ya ba ni muƙamin mataimakinsa, yana cewa bai taɓa ganin baƙar fata da tauraro a talabijin ba. Da gaskiyarsa, don a wasan kaboyin da muke kallo kowace Lahadi turawa ke mulki, Jajayen Indiyawa kuwa aikinsu faɗowa daga kan doki. Umma ba ta jin Turanci, amma tana tsintar shinkafa tana tsaki, tana tambayar wai wa ya tarar da wani a ƙasar.

Sharaɗin Danny shi ne in kamo Tito, abokina ɗan Puerto Rico, wanda kullum shi ake mayarwa Ba'indiye. Tito da ke raba mini burodinsa a makaranta! Amma son tauraro ya rufe mini ido. Na fafare shi, ya haye bene, ya faɗa gidanmu, ya shige ƙarƙashin keken ɗinkin Umma.

Sai ga Danny yana haki, ya ce in fito da shi ko in dawo da tauraro. Na fassara wa Umma, ko za ta raba mini gardama.

Ta ce, "Wanda ya shigo ɗakina baƙona ne. Kai kuma ka san da wa kake cin abinci." Ta koma kicin abinta.

Na cire tauraron na miƙa, hawaye na neman zubowa. Ashe ƙamshin ƙosai ya riga ya kama sherif. Umma ta leƙo, ta nuna takalmansa, ta nuna hular da bindigar. Ya tube su duka, ya wanke hannu, ya zauna a tabarma kusa da Ba'indiye. Yaji ya sa shi kuka, muka yi ta dariya har da faɗuwa.

Yanzu jikokina na kallon jarumai masu irin fatarsu, ina kuma murna, sai dai kowa da wayarsa, ba mai faɗowa gidan wani da gudu. Tauraron nan a bakin ƙofarmu ya kwana cikin takalma, ba wanda ya tuna da shi.