Wasiƙar da Malam Abdulganiyu Ya Maido

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, da mai gyara da wanda ake yi wa gyaran.

Ranar Laraba, 13 ga watan Agusta 2025, ina cikin awon masara a kasuwar Sheme, Adnan ya kira ni ya ce mahaifinsu, Malam Abdulganiyu na Faskari, ya cika da hantsi. Na aje tiya na yi salati. Sai na waiwaya wajen Zailani, wanda rumfarsa ke jikin tawa, wanda kuma benci ɗaya muka zauna da shi a ajinka, Malam. Ya ji komai. Ya ci gaba da ɗinke bakin buhunsa.

Malam, shekara talatin da ɗaya ka yi kana koyar da Turanci a sakandarenmu, kuma ba zan rage maka awo ba. Ba ka taɓa karɓar ko zabuwa daga uban yaro ba. Bayan ka yi ritaya, duk mai takardar neman aiki daga Daudawa har Tafoki ƙofar gidanka yake zuwa, ka gyara mashi kyauta, ka haɗa mashi da zagi, shi ma kyauta. Akwai manyan ma'aikata yau a Katsina da ba don kai ba da suna nan muna ɗaukar buhu tare. Wannan duk za a faɗa, an ma fara faɗa tun a maƙabarta. Ni dillali ne, na saba in an yabi buhu in zura hannu har ƙasa.

Ga yadda kake gyara. Duk Juma'a ka shigo da littattafan insha'i, ka kira yaro gaban aji, ka karanta abin da ya rubuta da ƙarfi. Inda duk jan bironka ya zagaye sai ka tsaya, mu kuma mu ƙirga baki ɗaya: ɗaya, biyu, uku. Ba ka faɗin daidai ɗin, cewa kake wanda aka ba amsa a baki ba ya riƙe ta. Inda ƙirgen ya tsaya, sunan yaro ke nan har wata Juma'ar. Na yi mako ina Sha Tara, na yi mako ina Ashirin da Biyu, na yi dariya na wuce, don ni tun ina yaro fatata ta kasuwa ce.

Zailani ba haka yake ba. Muna aji uku ka ce kowa ya rubuta labarin wanda ya fi ƙauna. Ya rubuta na mahaifiyarsa, wadda ta rasu a daminar nan, shafi uku cur, shi da bai taɓa cika rabin shafi ba. Ka karanta, muka ƙirga. Ka zo inda yake faɗin yadda aka fito da ita daga ɗaki, ka tsaya sau shida a layi biyu, muka ƙirga maka duka, har da ni. Muka tsaya a arba'in da bakwai. Ranar Litinin bai dawo ba, bai sake dawowa ba, don haka babu wata Juma'a da ta zo ta canza mashi suna. Shekara ashirin da takwas ke nan. 'Yan dako Arba'in da Bakwai suke ce mashi, direbobin Ƙanƙara haka, 'ya'yansa ma a unguwa da sunan ake kwatancensu.

Da ciwo ya kwantar da kai bara, ya shanye maka ɓarin hagu ya bar maka na dama, sai ka fara aika Adnan yana kiran tsofaffin ɗalibai kana neman gafara. Na zo na yafe nan take, nawa ba shi da nauyi. Ka riƙe hannuna ka ce, "Bilya, yaron nan mai uwa fa? Shi nake son ji." Ashe ba ka manta ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan a ce ka manta.

Zailani ya yi ta ƙin zuwa, sai a farkon watan nan ya ce zai rubuto. Kwana uku yana duƙe a kan buhu da biro, ciniki na wuce shi, kuma da Turanci ya rubuta, don yana so sau ɗaya ka karanta hannunsa har ƙarshe. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira. Ni na kawo maka. Ka sa tabarau ka karanta, na ga idonka ya kawo ruwa, na ce a raina an gama. Sai ka miƙa hannu ƙarƙashin matashi ka zaro jan biro. Matarka, Hajiya Halimatu Sa'adiya, ta ce, "Malam, don girman Allah, wannan kam bar ta haka." Ba ka ko dube ta ba. Ka bi wasiƙar layi layi, ka rubuta sha biyu a ƙasa, ka ce, "Ka ce mashi ya yi ƙoƙari. Ya sake rubutawa ya kawo."

Nan laifina ya shigo, kuma ba zan jingina maka shi ba. Aikina ke nan a duniya, in ɗauki magana daga bakin wani in goge ta kafin in kai wa wani. Da na yaga takardar a hanya na ce Malam ya yi kuka ya gode, da an rufe littafi. Amma na kai ta yadda take, ina ganin zai ji daɗin an sauko daga arba'in da bakwai. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon jan, ya ninke ta huɗu ya sa aljihu. Ya ce, "Ka ce mashi na janye."

Ban faɗa maka ba, Malam. Kwana huɗu ka ƙara, Hajiya ta ce kullum sai ka tambaya ko Zailani ya kawo gyaran.

Ya zo jana'iza, har ya sa kafaɗa a makara. Da liman ya roƙi duk wanda ka ɓata wa ya yafe, sahu ya ɗauka da "mun yafe", ni kuwa bakin Zailani nake kallo, bai motsa ba. Ranar sadakar uku Adnan ya biyo shi har rumfa ya durƙusa. Zailani ya tashe shi, ya ba shi ruwa, ya yi mashi gaisuwa mai kyau, sannan ya ce, "Tsakanina da kai babu komai. Shi kuwa ya jira ni, ina nan tafe."

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yi maka hisabi mai sauƙi, Ya dubi ɗaruruwan da suka ci abinci ta hannunka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da Adnan da ƙannensa, da mutanen Faskari baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yawaita yi mashi sadaka da addu'a, kada ku gaji, domin akwai mutum ɗaya a Sheme da har yau bai sauke ba, kuma ni da nake kusa da shi ban ga alamar zai sauke ba.

Bilya Mai Awo, Sheme