Muryar da Ta Ƙetare Zaure

A cikin bas na fara jin ta. Ranar kasuwar Tsanyawa ce, na ɗora kwandon daddawata a cinya, an matse ni tsakanin taga da wani mai buhun gyaɗa. Direba ya kunna kiɗa. Ni ba na sauraron waƙoƙin yaran yanzu, don haka idona yana kan gonaki, ina duba wanda ya bar karan dawarsa a yashe. Sai na ji tim, tim, tim, ƙarar itace a kan ƙasa mai danshi. Kafin in tantance, murya ta tashi. Muryar Yaya ce.

Ba cikinmu ɗaya ba. Maƙwabciyata ce, katanga ce tsakaninmu tun ina amarya, kuma ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita ce mai ba da waƙa in ana daɓe a ƙauyenmu. Wanda ya tashi a ɗakin siminti bai san daɓe ba. A zuba marmara a ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, a yi ta dukan ƙasa har ta kwanta, sannan a bi ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta yi ƙyalli. Ranar daɓe maza ba sa zama a gida, shi ya sa bakin mata yake buɗewa. Yaya ta ba da waƙa, mu amsa, madaɓai su sauka tare. Tana waƙar naƙuda, tana waƙar 'ya'yan da muka binne, tana waƙar magidancin da ya sayar da geronsa tun kaka, ya dawo yana zare ido da damina. Akwai wadda take yi wa tsofaffin mazan da ƙarfinsu duk ya koma baki. Wannan ba zan maimaita ta ba.

Ni ba mai yawan yabo ba ce, amma ban taɓa jin murya irin tata ba. Da can wani mutumin gidan rediyo ya zo da rakoda har ƙofar gida. Ta aika masa da fura, ta ce a gaya masa muryarta ba ta ƙetare zaure. 'Yan siyasa ma sun nema, amsar ke nan. Yaya ba ta da gona, ba ta da ko akuya. Abin taƙamarta a duniya shi ne babu namijin da ya taɓa zama ya saurari waƙarta, har mijinta, Allah ya ji ƙansa.

To ga ta a cikin bas, kuma waƙar tsofaffin ce. Maza sai ƙyaƙyata dariya suke yi.

Na ce, "Kai direba, kashe wannan abin."

"Haba amaryata! Ke da nake jira ki taka mana? Waƙarku ce fa ta mutanen da."

"Amaryar kakanka. A ina ka samo ta?"

"Wajen mai cajin waya na tasha. Ai kowa yana da ita, Inna."

Mai buhun gyaɗa ya ce, "Wannan tsohuwa dai ba ta da ta ido. Da uwata ce da na bar gari." Na juyo na zuba masa ido har sai da ya koma gyaran bakin buhunsa. Direba ya rage ƙarar, bai kashe ba.

Kafin mu isa na gano inda aka ɗauke ta. Daminar bara ruwa ya kayar da ɗakin wata bazawara a unguwarmu. Da aka tayar da shi, siminti ya gagara, sai muka ce a koma daɓe. Jikar bazawarar ta zo daga Kano, ta tsaya a bakin ƙofa da waya a saitin fuskarta. Na gan ta sarai, don ba a shiga gida in ban gani ba. Na zaci kallon kanta take yi, yadda suke yi. Har na ce mata ta ajiye madubin nan ta ɗauki madaɓi. Ta yi murmushi, ba ta ajiye ba.

A kasuwa na sake jin ta wajen mai tsire, na kuma ji ta a rumfar masu facin babur, an zuba mata wani kiɗan fiyano a ƙasa, samari suna kaɗa kai. Na kasa ciniki. A cikin amshin na tsinci muryata, na tsinci ta bazawarar nan mai ɗakin tana dariya, ita da ta rasu kafin azumi.

Na bar kwandona wajen mai sayar da kuka, na tafi rumfar mai caji. Matashi ne mai ladabi, har ya ba ni benci.

"Ka goge waƙar matan nan."

"In kin ce in goge, yanzu zan goge, Inna. To ta wayoyin mutane fa? Jiya wani ya ce ya ji ta a tashar Minjibir."

"Ka bi su ka karɓo."

Ya yi dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye ta. "Wallahi ba ya yiwuwa. Amma ai abin alheri ne, baiwar Allahn ta yi suna. Kin san ta? Akwai masu neman ta, biki za su gayyace ta."

Na ce ban zo ba da labari ba, na tashi.

Na so in ɓoye wa Yaya. Idonta ya yi rauni, ba ta fita, wataƙila har ta koma ga Allah ba za ta ji ba. Amma jikokinta suna da waya, kuma gara ta ji daga bakina da ta ji daga bakin mai dariya. Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na zauna na gaya mata duka, ban rage komai ba.

Hannunta ya tsaya. "A gaban maza?"

"A gaban maza, Yaya."

"Har da ta tsofaffin?"

"Ita suka fi so."

Can ta ce, "Ta yaran da muka binne fa, ita ma dariya suke yi?"

"Wannan ba sa bari ta ƙare, wucewa suke yi."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɓara. "To, 'yar nan, na rufe."

Ta kuwa rufe. Da, in na fito alwalar asuba nakan jiyo ta ta katanga tana rarrashin jika da waƙa. Yanzu jijjiga shi kawai take yi.

Bana bayan kaka aka sake kiran daɓe, ɗakin wata mai jego. Na tsaya a zaure da kaina na karɓe wayar duk wadda ta shigo, na zuba a ƙwarya na rufe da faifai. Na je na riƙo hannun Yaya na kawo ta, na ce mata babu waya ko ɗaya a ciki. Ta zauna a bakin ƙofa. Muka durƙusa, muka ɗaga madaɓai, muna jira. Ba ta buɗe baki ba.

Muka fara haka nan. Wannan ta buga, waccan ta makara, hannuwa suka ƙi haɗuwa, kafaɗu suka gaji tun rana ba ta take ba. Sai wata amarya ta ce, ba da mugun nufi ba, "Inna, ko in ɗauko wayata in kunna mana? Ina da ita fa."

Na dubi Yaya. Ta laluba sandarta, ta miƙe, ta bi bango ta fita.

Na ce wa yarinyar ta riƙe madaɓinta. A shiru muka gama. Daɓen bai kwanta ba, har yau in na shiga duba mai jego ina jin tudu da kwari a tafin ƙafata.

Ranar kasuwa yanzu can ƙarshen layin masu sayar da kuka nake baza daddawata, nesa da tasha. Duk da haka iska takan kawo waƙar. In ta kawo, nakan ja mayafi in rufe bakina, don na lura yana amsawa.