Motar Kawu Mai Ƙiwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Dutsin-Ma, ni da Kawuna, a tsohuwar a-kori-kurarsa mai shan man gas. Barkiya muka nufa, can ƙasar Kurfi, domin mu ɗauko Gwaggona, yayar babana, wadda Allah ya ci da ita bana za ta sauke farali. An ce motocin maniyyata za su bar Dutsin-Ma zuwa Kano washegari kafin azahar, wanda ya makara kuwa sai dai ya ji labari. Gwaggo ta yi shekaru tana kiwon tumaki saboda wannan tafiya, har gonar gadonta ta sayar.

Bari in gabatar muku da motar, don ita ce babbar abokiyar tafiya. Duk unguwarmu an san tana da ƙiwa, kamar jaririn da ba ya yarda da baƙo. A ƙofar gidan Kawu, inda yake ajiye ta kan gangare kanta na kallon ƙasa, murɗa ɗaya take tashi. Amma in ta kwana a wani gari, da safe sai an yi da gaske. An sake mata batir, an yi mata turare, har laya na gani a jikin sitiyari. Shi ya sa Kawu ba ya kwana ko'ina, ko gidan surukansa na Wurma. Ni kuwa mutum ne mai bin diddigi, na daɗe ina mamakin yadda ƙarfe zai san gidansu.

Hanya ta yi mana kyau har Kurfi. Damina ta zauna, gero ya fitar da kai, dawa ta kai ƙirjin mutum, Fulani na kora shanu ta bakin titi. A Kurfi muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan da muka saba saye na sule ya ishi mutum, yanzu sai ka nemi ƙari, mai tuyar ta ce mu tambayi masu man gyaɗa. Kusa da ita akwai garejin wani bakanike, Kirista ne mutumin kudu, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu. Ya sha duba motar Kawu, sai dai ba ta taɓa yi masa gardama a gabansa ba. Na tambaye shi ta ina ake gane ciwon motar da ta ƙi tashi.

"Ka tsaya a baya ka kalli salansa," in ji shi. "In tana fitar da farin hayaƙi, mai na zuwa, zafi ne babu, sai a duba hita. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne bai iso ba."

Daga nan muka bar kwalta muka shiga burji, daga burji sai sawun amalanke. Mun ƙetare wani rafi ruwa iya idon sawu, muka isa Barkiya da hantsi. Gidan Gwaggo a kan tudu yake, kamar yawancin gidajen wajen, saboda ruwa. Kawu ya so ya bar motar a bakin hanya, amma maigidan ya ce sam, ba a barin abin hawan baƙo a waje kamar marar galihu. Ya yi ta nuni da hannu har sai da Kawu ya haura da ita, hancinta ya kusa taɓa zaure. Aka yi ta sallama da 'yan'uwa, aka kawo fura da tuwon dawa da dafaffiyar gyaɗa ɗanya. Kawu ya gaida Gwaggo da "Hajiya", ta ɗaga masa hannu.

"A'a, Malam, riƙe sunanka sai na taka ƙasar. Mi kake gaggawa?"

Niyyarmu mu juyo da la'asar. Sai hadari ya haɗo daga gabas, aka kece da ruwa har magariba, rafin nan ya kawo ya cika bakinsa. Dole muka kwana, na kuma ga yadda fuskar Kawu ta canza.

Da gari ya waye ruwan rafi ya janye. Aka ɗora akwatin Gwaggo da buta da ƙullin yaji, ta shiga gaba ta zauna. Kawu ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake, haka. Matasan gari suka tura ta gangare har kan yashi, ta yi tari ta tsaya. Nan fa kowa ya zama likita: wannan ya ce batir, wancan ya ce baki ne, wani tsoho ya ce a zuba wa tayoyin ruwan rubutu. Gaskiya na ji tsoro, don rana na ta hawa, kuma babu wata mota da za ta bi ta nan sai ranar kasuwa. Gwaggo ta fito, ta aza akwatinta a ka, ta kama hanyar Kurfi a ƙafa, jikokinta na biye da ita suna roƙo.

Sai na tuna maganar bakaniken nan. Na zaga baya na durƙusa, na ce Kawu ya murɗa sau ɗaya tak, don batirin ya fara laushi. Ko ɗigon hayaƙi bai fito ba. Na faɗa masa, ya ɗaga bonet ya ɗauko sifana. Shi ya san aikin, ni tambaya kawai na iya. Ya sassauta wani ɗan noti a saman filta mai tace mai, ya shiga danna ɗan famfon hannu da ke gefen injin. Maimakon mai, kumfa ce ta dinga fitowa.

"Iska ce," in ji Kawu. "To ta ina ta shiga?"

Muka bi tiyon mai da yatsa tun daga tanki. Dab da filta muka sami wurin da ya jiƙe, ƙura ta manne masa. Da aka lanƙwasa shi sai ga tsaga, siririya kamar kaushin diddige. Ina kallon ramin da tayoyin suka bari a ƙofar zaure, abin ya faɗo mini. Na ce, "Kawu, tankin a baya yake. A gida kan motar ƙasa yake kallo, mai ba shi da inda zai gudu. A gidan mutane fa?" Ya dubi tudun, ya dube ni. Duk inda ya je baƙunta, masu gida haurar da shi suke yi har ƙofa don girmamawa. Motar ta kwana kai a sama, iska ta bi tsagar, man ya sulale ya koma tanki.

"Yau ga ikon Allah," in ji shi. "Ashe karamci ke kashe mani mota."

Ya yanke bakin tiyon da wuƙa, maigidan ya yanko mana zare daga tsohon gugan roba, aka ɗaure tamau. Ya yi ta famfo har kumfa ta ƙare mai ya zo tas, ya sassauta bututun nozul, mai fesa mai cikin injin, ya fitar da sauran iskar. Da ya murɗa, injin ya yi nishi kamar ba zai yi ba, sai ya kama da ruri da baƙin hayaƙi. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Mun cim ma Gwaggo ta ƙetare rafi, zanenta jiƙe har gwiwa, akwatin na kanta. Ta shiga ta zauna tana jan carbi. Ko a Kurfi ba mu tsaya ba, hannu kawai Kawu ya ɗaga wa bakaniken. Mun shiga Dutsin-Ma motocin sun riga sun ta da inji, ana kiran sunan Gwaggo ana waige-waige. Kafin ta hau na ciro guntun tiyon daga aljihu na nuna mata, bai fi gaɓar yatsa ba. Ta karɓa ta jujjuya shi, idonta ya kawo ruwa.

"Wanga ne ya so ya raba ni da ɗakin Allah? Da ana jifa da roba, da shi zan fara jifar Shaiɗan."

Ta ƙulle shi a bakin gyale ta hau.

Da muka koma gida Kawu ya juya motar da gangan, kanta ya kalli sama. Washegari murɗa ɗaya ta tashi, matarsa kuma ta ce to yanzu sai a sa ranar zuwa Wurma da kwana. Ni abin da na tsinta a tafiyar nan shi ne, da zarar an laƙaba wa matsala suna, an daina tambayarta. Mun yi shekaru muna cewa ƙiwa ce muna dariya, saura ƙiris dariyar ta cinye wa tsohuwa gonarta da tumakinta a banza. Kawu dai har yanzu bai cire layar ba, kuma ya rantse ba zai sake ce wa Gwaggo "Hajiya" ba sai ranar da ya ɗauko ta da kansa ya haura da ita har ƙofar zaure.