Layi Ɗaya a Littafin Malam

A duk shekarun da na yi ina aikin magatakarda, akwai rana ɗaya da ta ƙi barin raina. Laraba ce, kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Malam Babba, a zauren dagacin garinmu da ke ƙasar Zango. Aka buɗe littafin da na rubuta da hannuna, aka nuna min layi ɗaya, aka ce in rantse a kansa. Na kasa.

Bari in fara da yadda aikin yake, don ku matasan da kuka shigo aikin magatakarda daga baya. Malam Babba shi ya kafa makarantar Islamiyyarmu da masallacin da ke jikinta, ni kuma na yi shekara goma sha tara ina magatakardansa. Kwamitin makaranta yana da sakatarensa mai rubuta zaman taro. Nawa aikin daban ne: ni ke riƙe littafin Malam na yau da kullum. Kowace rana bayan la'asar zan zauna a gefen buzunsa, ya faɗi abin da ya faru da abin da ya yanke, ni kuma in rubuta da boko. Da bakinsa nake rubutawa, kamar shi ne ya riƙe alƙalamin: “Yau na je Daura gaisuwa,” “Yau na sasanta wane da wane.” Ranar Juma'a bayan an sakko, sai in karanta masa na mako guda, ya gyara abin gyarawa, ya sa alamarsa da ajami a ƙasan shafi.

Da tafiya ta yi tafiya, sai Malam ya fara ƙosawa da shiftar. Yakan ce, “Sabi'u, ai kana wurin. Ka san abin da zan ce, rubuta kawai.” Ni kuwa na sani ɗin. Na san inda yake sa “to, madalla,” na san inda yake yin shiru don mutum ya ji kunya. Wata Juma'ar ina cikin karantawa sai ya ɗaga hannu.

“Wannan ni na faɗa, ko kai?”

“Ku ne, Allah gafarta Malam.”

“Ashe na iya magana,” in ji shi, ya yi dariya ya sa alama.

Gaskiya ina jin daɗin wannan, har ina taƙama da shi a raina. Ban taɓa tunanin zai zame min abin kuka ba.

Watanni biyu kafin rasuwarsa ciwo ya kwantar da shi. Karatun Juma'a ya tsaya, alama ta tsaya, amma ni ban tsaya ba. Kullum ina zuwa, wata rana ya yi magana, wata rana ya yi ta barci, kuma kullum sai na cika shafi. Hannu ya riga ya saba.

Bayan rasuwar, mutum biyu aka sa a gaba kan riƙon makaranta. Ɗaya Nasiru ne, babban ɗan Malam, wanda ya yi karatu a Katsina ya dawo gida. Ɗayan Malam Idi, ɗan makiyaya daga wajen Mai'adua, wanda ya zo wurin Malam tun yana saurayi, ya fi shekara ashirin yana koyarwa. Malam Idi da iyalinsa suna zaune ne a gidan da ke cikin makaranta da izinin Malam, amma bisa tsarinmu gidan na wanda ke riƙe da makaranta ne. In bai samu riƙo ba, sai ya tashi.

Ka'idar da dagaci ya shimfiɗa mai sauƙi ce. Duk shafin da ke da alamar Malam, maganar Malam ce, babu musu. Wanda ba shi da alama kuwa, sai magatakarda ya rantse cewa ya ji da kunnensa, ko a kawo shaidu biyu. Layin da ake magana a kai yana cikin shafukan da ba su da alama. Ga abin da ke ciki: “Yau na gaya wa Sabi'u, in ta Allah ta kasance, Idi ne zai riƙe makaranta.”

Nasiru bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Baba Sabi'u, ba ƙaryata ku nake yi ba. Tambaya ɗaya ce. Da kunnenku kuka ji, ko kun rubuta abin da kuke ganin zai faɗa?”

Na so in ce na ji, amma ban tabbata ba. Na roƙi dagaci kwana uku, ya ba ni.

Kwana ukun nan ban san inda kaina yake ba. Ina tuna ranar da na rubuta layin sarai: an yi yayyafi, an kawo wa Malam kunu bai sha ba. In na rufe ido, ina jin muryarsa tana faɗin maganar nan kalma bayan kalma. To amma da na ɗauko wani shafi na shekarun baya, wanda na tabbata ni na tsara shi Malam yana Daura, shi ma sai na ji shi da muryarsa. Duk abin da na taɓa rubutawa da muryarsa nake jin sa. Tsoro ya kama ni.

Na tafi wurin Hajiya Binta, uwargidan Malam, don ita ke jinyarsa. Na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa, na tambaye ta ko ta ji maganar riƙon makaranta.

“Na ji mana,” in ji ta. “Idi ne zai riƙe makaranta. Haka ya ce.”

Na ce, “Hajiya, kuna ɗakin ke nan lokacin da ya faɗa?”

Ta ce, “A'a, ina madafa. Ba kai ka karanta mana ba ranar sadakar uku?”

Na wuce wurin ladan, shi ma ya ce ya ji, har zai iya rantsuwa. Na ce daga bakin wa? Ya ce daga bakin Hajiya. Na zaga gari neman shaida, duk hanyar da na bi sai ta dawo da ni kan alƙalamina.

Ranar Asabar muka koma zaure. Na ce, “Ranka ya daɗe, rubutun hannuna ne, kuma na yi imani abin da ke ran Malam ke nan. Amma ba zan dafa Alƙur'ani in ce kunnena ya ji ba.”

Dagaci ya dube ni ya ce, “Kai ka rubuta, kuma kai ne ba ka sani ba?”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

Aka ajiye layin gefe, kwamiti ya ba Nasiru riƙo. Tsakani da Allah, Nasiru ya roƙi Malam Idi ya ci gaba da koyarwa, ya kuma ba shi har bayan kaka kafin ya bar gidan. Malam Idi ya yi godiya, ya ce zai koma cikin danginsa.

Da aka gama yankan gero, wata safiya sai ga shi a ƙofar gidana. An riga an ɗora kayansa a mota. Na ɗauka faɗa ya zo yi, kuma da ya yi, da na ji sauƙi.

Ya ce, “Malam Sabi'u, maganar makaranta ta wuce. Yanzu ba dagaci, ba rantsuwa, daga ni sai kai. Ya faɗa?”

Kalma ɗaya ta ishe shi guzuri, kuma babu mai kama ni. Na ce, “Wallahi, Malam Idi, ban sani ba.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “To, karanta min layin sau ɗaya, yadda kake karanta masa.”

Na ɗauko littafin na karanta. Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, “Maganarsa ce sak.” Ya miƙa min hannu, ya tafi.

Ni ma na san sak ce. Shekara goma sha tara na yi ina koyon yadda za ta zama sak.

Abin da ya sa nake takura muku ke nan, kuna cewa tsoho ya cika tsanani. Magatakarda kunne ne da hannu, ba bakin maigidansa ba ne, ko da maigidan ne ya ba shi izini. Ku rubuta “Malam ya ce” a inda ya ce, ku rubuta “a ganina” a inda ganinku ne. Ranar da bai ce komai ba, ku bar shafin fari. Mutanenmu suna yarda da rubutu fiye da yadda suke yarda da mai rubutun, kuma wata rana wani zai zo ya tsaya a ƙofarku da tambaya ɗaya.

Malam Idi yana nan da rai a wajen Mai'adua. Duk sallah yakan aiko min da gaisuwa, kuma bai sake tambayata ba. Ni ne har yau nake tambayar kaina.