Taliyar da Ƙanena Ya Murza a Gidan Rumji

Abin da na fara gani da muka sauka Gidan Rumji shi ne zabirar wanzami rataye a wata rumfa bakin kasuwa. Wurin wanzamin nan muka kawo ƙanena. Tun da ya tashi daga ƙyanda ya ƙi abinci. Tuwo ya kau da kai, fura ya tofar, in an yi masa ɗura sai amai. Kaka ta ce belu ne, a je a cire.

Mun tashi daga Gazawa da asuba a bayan kamyon gyaɗa, ni da Inna da shi, cikin hutun lakol, wato makaranta, na shekarar da aka sauke tutar Faransa. Hanya duk yashi da gargada. A Agye Inna ta saya masa ƙosai, ya riƙe har ya huce, ya miƙa wa akuyar wani Bafillace. Kowa ya yi dariya ban da Inna. Muka canza mota a Maraɗi, ni dai idona yana kan wuyan rigarsa da ya yi masa yawa.

Wanzami ya ce mu dawo da safe. Na kasa zama wuri ɗaya, sai Goggo, yayar Inna da muka sauka wurinta, ta ja mu gidan da take wanki, gidan wani magini ɗan Italiya mai aikin gada. Muka tarar da matarsa da ƴaƴanta sun kewaye tebur, gari har gwiwar hannu, suna murza taliya. Matar ta dubi ƙanena, ba ta ce masa ci ba. Curin ƙulli ta ajiye gabansa. Ya murza, nasa duk suka fito a karkace.

Da azahar kowa ya zauna wuri guda, uba da uwa har autansu. Ba kwanon yara daban, ba lallashi, ba tsawa, sai surutu. Ƙanena ya shiga tonon kwano yana neman karkatattunsa. Ya cinye su, ya zarce kan na mutane.

Inna ta ce, "Yaya, kin ga ja'irin nan? A gida sai an danne shi."

Goggo ta ce, "Ke in aka danne ki, ci za ki yi?"

Ba mu koma wurin wanzami ba. A hanya na yi ta tunanin cewa a gidanmu ba a taɓa barin yaro kusa da madafa sai da kora.

Muna isa gida Kaka ta buɗe bakinsa, ta ga belu yana nan, ta ce ranar kasuwar Gangara ita da kanta za ta kai shi. Ban saba magana gaban manya ba. Na durƙusa na ce, "Kaka, don Allah kafin ranar, ki ba shi dawo ya mulmula da hannunsa, ki bar shi ya sha a ƙwaryarki."