Sirkin Kwalta

Har yau in na ji warin baƙin mai sai zuciyata ta tashi. A unguwar Ras Al Khor ta Dubai na kwaso wannan, shekarar da ta biyo bayan korona, lokacin ina aiki a siton wani Alhaji ɗan Kano mai aika kwalta gida a durom-durom. Bizata a hannunsa take, shi ya sa kome ya faɗa sai in ce to.

Kwalta kaya ce mai taurin kai. Nauyi gare ta, tun kwantena ba ta cika ba ake rufe ta, jirgin ruwa kuwa babu ruwansa, kuɗin cikakkiya zai karɓa. Da kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabo, Alhaji ya rasa inda zai sa kansa. Sai ga shi da dabara: a bi garejoji a tattaro baƙin man da aka juye daga injin mota, a narka kwaltar, a sirka.

Na ce, "Alhaji, wannan ai ba za ta riƙe titi ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Habibi, kai yaro ne. Turawan Kanada da ke tono tasu a cikin yashi, sai sun sirka ta take gudu a bututu. Ni ne zan fi su tsoron Allah?"

"Su in ta isa matata cire sirkin suke yi. Taka wa zai cire?"

Sai ya dafa kafaɗata ya ce in yi murna, ɗan kwangilar da ya sayi kwaltar, hanyar garinmu zai shimfiɗa. Wai albishir yake yi mini. Na ce ba da hannuna ba. Ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya kira wani ya kunna wutar narka kwaltar. Ko faɗa bai yi mini ba, bizar kawai ya bari ta ƙare.

Na tattara kayana daga ɗakinmu na unguwar Muraqqabat na dawo gida hannu rabbana. Na tarar an gama titin, baƙi wuluk, sai sheƙi yake. Da rana ta take, ya yi laushi kamar ƙullun ƙosai, taya tana barin sawu a kansa.

Ran kasuwa na raka Innata. Muna tsallakawa silifas ɗinta ya maƙale, ta tsaya da ƙafa ɗaya, na durƙusa na ɓamɓaro shi, warin nan ya doki hancina. Wata maƙwabciya ta fara tsaki. Inna ta juya ta ce mata, "Ki iya bakinki. Kwaltar Dubai ce, ba ta gama bushewa ba. Ɗana ne ya aiko mana da ita."